Kifin da Kula Ta Ƙarasa

Kwanan baya wata ɗaliba cikin masu zuwa wurina koyon girki ranar Asabar ta ɗora wayarta a kan teburin kicin, ta ce, "Anti Maimuna, wai me ake koya a farin kifi? Na ga Anti Rahila ta gama nata kafin bidiyon ya ƙare." Sauran suka yi dariya. Ban amsa mata a lokacin ba, don ni ba mai saurin amsa ba ce. Sai na koma gida na juya magana tukuna. Wannan ita ce amsar, gare ta da sauran yaran da ke ganin abin wasa ne. Mai yiwuwa wasu abubuwan da zan faɗa wani ya fi ni saninsu. Iyakar abin da na gani zan faɗa.

Ilimin abinci na karanta a jami'a. Da na gama bautar ƙasa na dawo Jos, na zaga ofisoshi da takardu har takalmina ya cinye, aiki bai samu ba. Ƙawata Rahila, wadda muka yi aji ɗaya da ita, ita ta ce akwai wani tsohon kuku a unguwarsu a Bukuru da ake kira Baba Pam, mutane na ɗaukarsa ya je gidajensu ya dafa musu kifi, kuma ƙafa ta fara ba shi matsala, yana neman masu taya shi. Tare muka je, rana ɗaya muka fara. Ina so a riƙe wannan, don yanzu akwai masu zaton ta riga ni shiga sana'ar.

Wani alheri na kifi shi ne ba a yanka shi. Babu gidan da za a tambaye ka wa ya yanka. Saboda haka ni Musulma, Rahila Kirista, amma gidan fasto da gidan liman duk muna shiga da kwandonmu, ba mai ɗaga gira.

Aikin farko da Baba Pam ya ba mu shi ne tsane kifi. Mahaifinsa ya yi wa Turawan haƙar kuza girki, shi ma ya tashi a kicin, kuma kowa "kai" yake ce masa, mace ko namiji. Ya ajiye mana panla mai ƙanƙara a faranti, ya hana mu zuba masa ruwan zafi kamar yadda kowace mace a garin nan take yi in tana sauri. Sai dai ya narke da kansa a inuwa, ko a sa shi a leda a tsoma a ruwan sanyi. In ya narke, a ɗauki tsumma mai tsabta a dinga dannawa a hankali har jikinsa ya daina sheƙi. Na ce masa, "Baba, mu fa da digirinmu." Ya ce, "To ka shafa masa digirin mu gani ko zai bushe." Rahila ta yi dariya har da riƙe ciki. Mun daɗe muna wannan kafin ya bari mu kusanci wuta.

Dalilin shi ne farin kifi ba kamar tarwaɗa ba ne, ba kuma kamar titus ba. Waɗancan suna da maiƙo, suna jure wulaƙanci. Ka manta da su a wuta, su yafe maka. Farin kifi, irin su giwan ruwa da ake kawowa daga kogi, da karfasa ta tafkunan da haƙar kuza ta bari, da panla ta ɗakin sanyi, ba shi da kitsen da zai kare shi. Tsakanin ɗanye da ƙonanne ɗan taki ne kaɗan. In ka wuce, ko ya bushe ya zama kamar auduga a baki, ko ya ruguje ya zama fate.

Na tuna gidan wata ma'aikaciyar banki da muka je yi wa baƙinta kifin kasko. Baba yana da wani baƙin kasko na ƙarfe, mai nauyin da sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Yakan bar shi ya yi zafi sosai, ya zuba man gyaɗa ɗan kaɗan, ba irin tafkin man da muka saba soya kifi a ciki ba, sannan ya kwantar da yankan giwan ruwa ta gefen fata. Daga nan sai ya harɗe hannuwa. Matar gidan ta kasa haƙuri, ta ce, "Baba, ba za ka juya ba?" Ya ce, "Madam, in ya gama zai sake kaskon da kansa." Haka kuwa aka yi. Kifin da bai nuna ta ƙasa ba yana manne wa ƙarfe, in ka matsa masa ya yage. In fatar ta yi ƙarau, da ɗan taɓi yake tashi. A ranar nan Rahila ya miƙa wa cokalin juyawa. Ni aka ba ni yankan lemon tsami. Ban ce da wata manufa ya yi ba, wataƙila ita ce ta fi kusa da shi.

Wani tsoho a Laranto, wanda haƙoransa suka ƙare kuma likita ya hana shi soyayyen abu, shi ya sa na san darajar madambaci. Madambacin da muke turara dambu da shi, shi ne dai. A shimfiɗa ganyen kabeji na kasuwar Farin Gada a ƙasansa, a jera kifin, a watsa citta da albasa mai lawashi da ɗan masoro, a rufe. Tururi ya yi aikinsa. Ana gane ya yi ne in tsokar ta daina ɗaukar ido ta koma fari sol, kuma in ka sa bakin wuƙa ta rabu falle-falle. A nan ni na fi ƙarfi, ina jin ko Rahila ba za ta musa ba. Ina da ɗan ma'aunin zafi mai tsinke da na saya tun muna makaranta, ina soka shi a tsakiyar yanka in tabbatar. Shi ya sa ta raɗa mini suna Malama Ma'auni. Ita yatsa take sawa ta danna, ta ce ya yi. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne, in na bi bayanta na auna, yawanci ya yi ɗin.

Akwai kuma dafuwar madara, wadda Baba ya gada wurin mahaifinsa. A sayi madarar shanu sabuwar tatsa wurin matan Fulani, a ɗora ta da albasa da ɗan gishiri, kada a bari ta tafasa, sai dai ta dinga rawa a gefen tukunya. A zura kifin a ciki. Ƙarnin yakan tafi gaba ɗaya, har wanda ba ya cin kifi ya ci bai sani ba. A ci da dankalin Turawa da aka murƙushe. Sannan akwai naɗi a ganyen ayaba a ɗora kan garwashin gawayi da ya fara yin toka. Farfesu kuwa, kuskuren da kowa ke yi shi ne zuba kifin tare da kayan miya. Romon ake gamawa tsaf, a rage wuta, sannan kifin ya shiga daga ƙarshe, kuma ba a sa ludayi a juya. Tukunyar ake kamawa a girgiza.

Sau ɗaya na taɓa ganin kifin da Baba yake yawan ba mu labari, wani faffaɗa na tekun ƙasashen sanyi da suke kira halibut. Wani likita ne ya zo da shi daga waje a cikin akwatin ƙanƙara, ya aika a kira Baba. Tsokar fara ƙal, mai kauri, kusan ba ƙaya. Na karanta labarinsa a littafi, na san yadda ake bi da shi. Baba ya zaro siririyar wuƙarsa da ba ya ba kowa, ya dube mu, ya miƙa wa Rahila. Ni na riƙe farantin. Ta yanka da kyau, ba zan ce ba ta yanka da kyau ba.

Sai shekarar wahala ta zo. Wutar lantarki ta yi dogon ɗaukewa, kifi ya lalace a ɗakunan sanyi da yawa, wanda ya rage ya yi tsada. Ana cikin haka jita-jita ta bazu a gari cewa da maganin gawa ake adana kifin ƙanƙara. Ban san gaskiyar maganar ba, ban kuma taɓa ganin shaida ba, amma ta isa ta kori mutane. Waya ta daina ƙara. Baba ya kwanta da ciwon ƙafa. Ni na koma soya awara a ƙofar gida, Rahila ta koma taya yayarta sayar da kabeji. Mahaifiyata ta fara cewa in haƙura in nemi koyarwa a makarantar kuɗi ko ta nawa ce.

A wannan tsakanin ne Hajiya Dije ta aiko wa Baba. Mijinta, Alhaji Buba, babban dillalin shanu ne a kasuwar Bukuru. Hawan jini ya kayar da shi, likita ya hana shi jan nama da maiƙo, ya ce sai farin kifi. Mutumin da ya tashi cikin shanu, wanda yake cewa kifi abincin wanda ba shi da garke ne. Duk wanda aka dafa masa a gidan sai ya turo kwanon waje, har ya fara ramewa. Hajiya tana son mai girki guda ɗaya da za ta dinga zuwa kullum tana yi masa abincin rana. Aiki ne tsayayye a shekarar da babu aiki, kuma gida ne da duk matan manyan 'yan kasuwa ke shiga. Wadda ta samu ta tsira da sana'arta. Wadda ta rasa, sai abin da Allah ya yi.

Baba ya ƙi zaɓa. Ya ce kowa ta je rana ɗaya, bakin Alhaji ya yanke. Rahila ta ce, "Malama Ma'auni ta fara, ita ce babba." Da 'yan watanni na girme ta, amma na karɓa.

Da sassafe na samo giwan ruwa sabon kamu wurin wani mai kawo shi daga kogi. Na duba idon, na duba jan cikin kunnen, na shinshina. Na zaɓi madambaci, tunda a nan na fi amincewa da hannuna, na yi romo mara mai na citta da tattasai da ɗan daddawa a gefe, don bakin da ya saba da nama yana son abu mai ƙarfi. Wajen azahar kifin ya yi. Na soka ma'auni, ya nuna daidai inda littafi ya ce. A iya sanina ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Na jera shi a faranti mai ɗumi, na ce, "Hajiya, a kai masa yanzu-yanzu."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "'Yar nan, a buɗe? Abincin maigida a faranti kamar na mai tebur a tasha?"

Na ce, "Hajiya, wannan kifin ba ya jira."

Ta ce, "To Alhaji ma ba a kiransa. Yana masallaci. In ya fito zai tsaya da mutane, in ya shigo akwai masu jiransa a zaure. Ga sanyin garin nan, kafin ya zauna ya zama ƙanƙara. Miƙo kular can."

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan. Abincin maigida a kula yake tafiya, a rufe ruf, a ajiye a ɗakinsa ya jira shi. Mutunci ne, kuma a Jos larura ce. Tuwo yana son kula, shinkafa tana jurewa, nama ma ƙara laushi yake yi. Baba bai taɓa koya mana kula ba, don gidajen da ya saba da su a tebur ake zama, kuku yana leƙe, ana zama yana saukewa. Ina tsaye Hajiya ta juye kifina a babbar kula, ta kwarara romon da zafinsa a kai, ta murɗa murfi. Na so in ce a raba romon daban, na ji nauyin in yi mata gardama a kicin ɗinta a ranar farko.

Alhaji bai buɗe kular ba sai gab da la'asar. Ina zaune a tsakar gida na ji muryarsa daga ɗaki. "Dije! Wannan kunun kifi ne ko me? Ni jariri ne?" Da aka fito da kular na leƙa. Babu yanka ko ɗaya da ya rage da siffarsa. Hajiya ta ce, "Kada ki damu, haka yake yi wa kowa." Ta sa aka raka ni bakin titi.

Daga can gidan Baba na wuce, na tarar da Rahila tana shafa masa man zafi a gwiwa. Ta ce, "Yaya, Malama? Ma'auni ya ci jarrabawa?" Na zauna na zayyana musu komai. Na ce laifin kula ne. Na ce kula ba ajiya kawai take yi ba, wuta ce da ba a gani, kifin da ya riga ya nuna in aka rufe shi da romo mai zafi dafuwa yake ci gaba da yi. Har na ce, kuma ina tuna kalmomin sarai, "Sai dai in mutum zai zuba shi da sauran ɗanyantaka, kular ta ƙarasa. Amma wa zai kai wa mara lafiya ɗanyen kifi?" Rahila ta ci gaba da shafa mai. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ce a miƙo masa ruwa.

Abin da ya faru washegari daga bakin Hajiya Dije na ji shi daga baya, don har yau muna gaisawa. Rahila ta isa, ba ta fara tambayar inda murhu yake ba. Ta ce, "Mama, wace kula ce ta Alhaji? Kuma in ya fita sallah, yaushe yake waiwayar abinci?" Ta cika kular da tafasasshen ruwa ta rufe don ta ɗauki zafi. Ta yi yanka masu kauri, ta ɗan gasa bayansu a busasshen kasko har suka yi launi, cikin kuwa ko kusa bai nuna ba. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, kashe mini miji za ki yi?" Rahila ta ce, "Mama, in ya buɗe ya ga ɗanye, ki sa a kore ni da tsintsiya." Ta zubar da ruwan kular, ta shimfiɗa yankakken dankali da karas da ta riga ta dafa, ta jera kifin a kai, ta zuba romo yana tafasa, ta murɗa murfi.

Gab da la'asar Alhaji ya buɗe. Hajiya ta ce shiru suka ji, shirun da ya yi tsawo har ta tashi ta leƙa. Ta same shi ya ture cokali yana ci da hannu. Ya ce, "Wannan wane yanki ne na naman sa?" Ta ce kifi ne. Ya ce, "To wannan kifin ya yi kiwo." Ya sa a kira mai girkin, ya ce mata, "Gobe ma ki zo, 'yata."

Na koma gida na gwada abin a kular mahaifiyata, ba sau ɗaya ba. Kowane karo ina buɗewa in soka ma'auni. Ya nuna, lafiya lau, ko mai jego za ta ci. Zan faɗa wa masu koyo cewa sai kular tana riƙe zafi da gaske, sai romon yana tafasa lokacin zubawa, kuma kada yankan ya wuce kauri. In ɗaya ya kauce, akwai haɗari, kuma ban ji ana faɗin wannan a bidiyo ba. Amma in an kiyaye, hanyar daidai ce. Na bincika ta ko'ina ban sami inda ta gaza ba, kuma na bincika sosai.

Da na je gaida Baba na ce masa, "Baba, ka dai ji wanda ya fara faɗin maganar nan a ɗakin nan." Ya ce, "Na ji. Kai ka faɗa." Na jira ya ƙara wani abu. Ya ce, "Shi kuma ya dafa." Rahila yake nufi. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce ya bar wasiyya a ba Rahila baƙin kaskon da siririyar wuƙar. Ni madambacinsa aka ba ni. Madambaci ne mai kyau, har yanzu da shi nake aiki.

Daga gidan Alhaji Buba sunan Rahila ya shiga gidajen matan 'yan kasuwa, daga nan ya hau waya. Ni ban bar sana'ar ba. Na lallaɓa da awara har jita-jitar ta mutu, na dawo da 'yan gidajena, yawanci tsofaffi da masu ciwon sukari, waɗanda 'ya'yansu ke son mai taka-tsantsan. Alhamdu lillahi, ina ci ina sha. Muna waya da Rahila. Wani lokaci in za ta yi wa mai ciki ko ƙaramin yaro girki takan kira ta ce, "Malama Ma'auni, wannan ba matsala ko?" In gaya mata. Ba ta taɓa cewa ita ta ƙirƙiro dafuwar kula ba, a iya abin da na ji. Ba ta kuma taɓa cewa ba ita ba ce. Mutanen gari ne suka sa wa abin suna kifin Rahila, kuma suna in ya kama ya kama.

Don haka ga amsata ga mai tambaya. Abin da kika gani a waya ƙarshen aikin ne. Ba a nuna miki tsane kifi da tsumma ba, ba a nuna miki shekarar da waya ta yi shiru ba, ba a kuma nuna miki cewa kafin ki san kifi sai kin san gidan da za a ci shi, da lokacin da maigidan yake waiwayar abincinsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya na faɗa musu wasu daga cikin waɗannan, ban kai ga labarin ɗakin Baba ba. Suka saurara da ladabi. Da na gama, ɗalibar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, to yau za ki koya mana kifin Rahila? Ke ma a wurinta kika koya, ko?"

Na ce ta wanke hannu ta ɗora ruwa, ta miƙo mini kular can.